Yaƙin Da Ba A Ganin Gawa

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda masu sharhi kan wasannin kwamfuta suka mayar kamar karatun da ba a ja da shi. Wai wasannin nan kashi biyu ne. Akwai na banza, masu duka da zubar da jini, akwai kuma na masu hankali, wato wasannin dabarun yaƙi irin na ka-taka-in-taka, waɗanda aka yi yayinsu a tsofaffin na'urorin da ake jona wa talabijin, irin su Famicom ta Nintendo da Mega Drive ta Sega. Na farkon a hana yara, na biyun kuwa a saya musu, domin wai dara ce ta zamani. Ni kam ban yarda ba.

Ga mai karatun da bai san su ba, bari mu ɗauki Famicom Wars, wanda ya fito a Japan a 1988. Taswira ce aka yayyanka gida-gida, runduna biyu suna fuskantar juna, ja da shuɗiya. Sai ka motsa sojojin ƙasa da tankoki da jirage, ka gama, sannan abokin karawarka ya motsa nasa. Sojan da ya hau dutse ya fi wuyar kashewa, tankar da ta yi nisa mai zai ƙare mata, garin da ka kama kuwa kullum zai riƙa kawo maka kuɗin sayen wasu mayaƙan. Ban musa ba, akwai lissafi da haƙuri a ciki, kuma a matsayina na malamin makaranta na san darajar duk abin da zai sa yaro ya zauna ya yi tunani kafin ya miƙa hannu.

To amma ina mutanen garin? Ana kama birni, tutarsa ta canza launi, shi ke nan. Babu mace mai goyo a kan hanya, babu rumbun da ya ƙone, babu ko kare. A Advance Wars, jikan wancan wasa, farashin rukunin sojan ƙasa 1,000 ne, daidai da abin da gari ɗaya yake kawowa a rana. Ƙwararren ɗan wasa ya san dabarar: tura masu arha gaba su tare hanya, su mutu, igwa ta yi aiki daga baya. Wannan fa shi ne darasin da ake yabo. Masu kwatanta shi da dara sun manta cewa 'ya'yan dara ba su taɓa cewa su mutane ne ba. Tsakuwa ce da kara.

A Disambar 1993 Majalisar Dattawan Amurka ta zauna kan wasannin tashin hankali, su Sanata Joseph Lieberman suna ta kumfar baki a kan jinin Mortal Kombat. An bar jaki ana dukan taiki. Shekara biyu kafin nan, a 1991, Sega ta fitar da Advanced Daisenryaku a Japan, inda mai wasa yake zama kwamandan sojan Jamus na zamanin Hitler, ana ba shi ƙasashen Turai ya ci ɗaya bayan ɗaya. An ƙawata shi da tankoki da jirage na haƙiƙa, kowanne da sunansa, amma sansanonin da aka hallaka miliyoyin mutane ba su sami ko gida ɗaya a taswirar ba. Wanne ya fi ƙarya a kan yaƙi, jinin da kowa ya san na zane ne, ko kuwa tarihin da aka wanke tas?

Na san za a ce haba Malam, wasa ne fa. To a tambayi masu wasan. Advance Wars ya fito a Amurka ranar 10 ga Satumba, 2001. Da aka kai harin washegari, sai aka ɗage fitowarsa a Japan da Turai. A 2022, da Rasha ta auka wa Yukren, Nintendo ta sake janye sabon bugunsa, bai fito ba sai Afrilun 2023. Idan dara ce, me ya haɗa ta da Yukren? Kamfanin ya san abin da yake sayarwa. Ya san sai hayaƙin yaƙi ya yi nisa ake iya cinikin yaƙin da ba shi da wari.

Wasu kuma za su fake da cewa na'urorin lokacin ne ba su da ƙarfi. Wannan ma ba ta tsaya ba. Intelligent Systems, waɗanda suka yi Famicom Wars, su ne suka yi Fire Emblem a 1990, a kan na'ura guda. A can kowane mayaƙi yana da suna da fuska da labarinsa, idan kuma aka kashe shi ya tafi ke nan har ƙarshen wasa. Sanannen abu ne cewa 'yan wasa da yawa sukan kashe na'urar su sake fafatawar daga farko, su yi asarar sa'a guda, don kawai kada su ci gaba ba tare da mutum ɗaya ba.