Daga Kan Tabarmar Asusu: Sun San Ali Nuhu, Sun San Iccen Tenere?

Allah ya sa zubin wannan wata ya cika, waɗanda suka ci bashi kuma Allah ya hore masu abin biya.

Yau zan ajiye maganar riba da tarar makara, mu taɓa ta yara. Abin da ya kawo zancen wata hira ce da ta ɓarke a wurin zubinmu, bayan an ƙirga kuɗi an rufe akwati. Ɗaya daga cikin masu riƙe makulli ta dawo daga Yamai wurin sunan ƙanwarta. Mijin ƙanwar ya kwashe su da yara ya kai su muze, wato gidan ajiye kayan tarihi na ƙasa.

Ta ce: “Wallahi yaron ga tun da munka komo bai bar ni na huta ba. Inna, ƙashin ga na mine ne? Inna, wa ya kashe shi? Inna, in ya tashi zai iya cinye raƙumi?”

Ma’ajiyarmu ta ce: “Ke dai kin yi sa’a, Yaya. Nawa in ba Ali Nuhu ne zai tsaya bakin ƙofa yana yanka tikiti ba, ba su zuwa.”

Shi ke nan, aka manta da muze, gardama ta koma kan wane ɗan wasa ya fi. Matasan cikinmu suka ce Sarki Ali, babu na biyunsa. Wasu suka ce tun da Ibro ya rasu a 2014 ba su sake dariya har da hawaye ba. Wata ta tuna da Daso, Allah ya jiƙanta, ta ce ba a taɓa uwar miji irinta ba. Iya, wadda ta girme mu duka, ta bari sai da kowa ya gaji, sannan ta ce: “Ku yara ne. Ba ku ga zamanin Yazi Dogo ba, da unguwa guda kan taru gaban tele guda.”

Ni dai ina bayan Iya. Yazi Dogo mushen lakkol ne, kuma shi da abokan wasansa na gidan rediyon Damagaram sun koya wa mutanen ƙasar nan abin da allo da alli ba su koyar ba. Sai ka gama dariya, ka kwanta, sannan ka gane da kai ake.

Amma ga abin da ya tsaya mini a rai. A cikin mata ashirin da biyar da ke zaune a kan tabarmar nan, babu wadda ba ta da ɗan wasan da take so, kuma babu wadda ɗiyanta ba su haddace sunayen ƴan fim ba. Da na tambayi wa ta taɓa kai yaronta wani wurin tarihi, ko da fadar garinmu ce, hannu uku aka ɗaga.

Kada a ce ina faɗa da fim. Ni ma ina kallo. Yaro yana son ɗan wasa ne saboda ɗan wasa yana ba shi labari, ya yi masa murya, ya sa shi dariya, ya sa shi tsoro. Kayan tarihi kuwa bebaye ne. In ka kai yaro gaban tsohon takobi ka yi shiru, ƙarfe ya gani. In aka samu mai ba shi labarin takobin, ya fi fim daɗi, don wannan yana gabansa, kuma na kakanninsa ne. To wa zai ba da labarin? Mu ne. Mun iya tatsuniya tun kafin a kawo lantarki.

Bari in faɗa wa waɗanda ba su taɓa zuwa ba abin da ke muzen Yamai, don in Allah ya kai ku ku je da labari a baki. An buɗe shi a 1959, shekara guda kafin samun ƴancin kai. Yau yana ɗauke da sunan Bubu Hama, malami kuma marubuci, wanda ya shugabanci majalisar dokokin ƙasa har 1974. Fili ne babba, ba nisa da bakin kogi. Akwai namun daji, su zaki da kura da dorina. Akwai ɗakin tufafin gargajiya na ƙabilun ƙasar nan, da na kayan kiɗa, da irin gidajen da kowace ƙabila take ginawa. Akwai kuma maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa suna aiki a gabanka, kana iya sayen abin da suka yi.

Ƙasusuwan da suka hana yaron nan barci, na wasu manyan dabbobi ne da ake kira dinozor, waɗanda suka ƙare daga duniya tun ba a yi ɗan Adam ba. An haƙo su a ƙasarmu, a wani wuri da ake kira Gadufawa, cikin hamadar jihar Agadas. Masana sun ce sun haura shekara miliyan 100. A nan aka samu ƙashin wani kada da tsawonsa ya wuce mita 9. Akwai ma wata dabbar da aka raɗa wa sunan Nijar, mai haƙora wajen 500. Ku tambayi yaro: mi kada yake yi cikin rairayi? In ya yi tunani, shi da kansa zai gane cewa wurin da babu ko ɗigon ruwa yau, a da koguna ne.

Sai Iccen Tenere, wanda ni ya fi taɓa ni. Icce ne mai ƙaya, shi kaɗai tilo a tsakiyar hamada, babu wani icce kusa da shi sai an yi tafiya mai nisa. Ayarin raƙuman da ke zuwa ɗauko gishirin Balma da shi suke gane hanya, kuma duk tsananin buƙatar makamashi ba mai karya reshensa. A 1973 wani direban babbar mota ya banke shi ya kayar. Duk faɗin hamadar nan! Aka ɗauko gangar jikinsa aka kawo Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Gishirin da ke cikin miyarmu da wanda muke ba tumaki, a gindin iccen nan ya riƙa wucewa. Yarinyar da ta ji wannan labari, ko an aike ta yanko ƙirare za ta tuna.

Na san abin da wasunku za su ce, don an faɗa mini a fuska: “Shugaba, daga nan zuwa Yamai sama da kilomita 600 ne, ƴan Damagaram kusan 900. Kuɗin kar kaɗai ya cinye jarin mutum.” Gaskiya ne. Kada wadda ta taɓa jarinta don yawon buɗe ido. Amma mu da yawa muna zuwa Yamai ko ta yaya, biki ko suna ko asibiti, da yara a bayanmu. Sai mu ƙare kwanakin a Babbar Kasuwa muna taya atamfa. Wuni guda a ciki a ba yara.

Kuma tarihi bai tsaya a Yamai ba. Ƴan Damagaram, garinku shi ne babban birnin ƙasar nan har 1926. Kuna da fadar Sultan, da unguwar Birni da gidajenta masu zane a bango, da ragowar ganuwar zamanin Sarki Tanimun, kuna kuma da muzen jiha. Mu a Maraɗi muna da fadar Katsina, ga fadar Gobir a Tsibiri, tafiyar da ba ta kai a ɗauki guzuri ba. Ƴan Tawa, kuna da masallacin Yama, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da laka a 1962, har ya ci babbar kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. A da Turawa kan biya kuɗin jirgi su zo su gan shi, yaran da ke ƙauyukan gefensa wasu ba su taɓa leƙawa ba. Ƴan Arewa kuwa, Lugu tana wajenku, garin Sarauniya Mangu da ta tsaya wa sojan Faransa a 1899. An ma yi fim a kanta a 1986, wata ƴar wasan Burkina mai suna Ayi Keita ta fito a Sarauniya. Ga fim, ga tarihi, a ƙwarya guda.

Wadda kuma ko wannan ya fi ƙarfinta, ta duba ƙarƙashin gadon uwar mijinta. Akushi, ƙoshiya, mazari, taskira, zanen saƙi, munduwa, tsohon dutsen niƙa da aka jingine bayan rumbu. Kayan nan suna ƙarewa. Masu sayen tsofaffin kaya suna bi gida-gida, mu kuma muna bayarwa a canja mana da roba. Ranar da tsohuwar ta tafi, ta tafi da sunayensu da labarinsu. Ku nemi wuri, ko ƙwaya biyar, ku nuna wa yara ku ce da wannan kakanninmu suke cefane, kuma kalmar kuɗi da muke faɗa kullum jam’in wuri ce. Mu da muke ƙirgar kuɗi kowane mako, ai mu ya kamata mu fi kowa sanin asalinsu.

Ga shawarar da nake kawo wa kowace ƙungiya, a tattauna ta a zama mai zuwa.

Na ɗaya, a buɗe gwangwani dabam, ban da jari, ban da asusun taimako. In mata 25 suka riƙa jefa dala 10 kowane mako, cikin mako 40 an tara jika 50. Ba za ta kai mu Yamai ba, amma za ta ɗauki hayar mota zuwa wuri mafi kusa, da ruwan sha da ƙosan yara.

Na biyu, a gaya wa masu gida tun da wuri, da ladabi, a faɗi inda za a, da ranar, da lokacin dawowa. In an samu uba ɗaya ko biyu da mushe guda su raka, ya fi. Namiji in an sa shi cikin shawara tun farko, shi zai nemo direba.

Na uku, a aika a yi sallama kafin a je. Fada ba kasuwa ba ce, akwai ranar da ta dace, akwai wanda zai zagaya da baƙi. A muze a tambayo kuɗin shiga da lokacin buɗewa, a nemi rangwame tun da rukuni ne. Kada a ɗauki hoto sai an nemi izini.

Na huɗu, a zaɓi lokacin ɗari, a fita da sassafe. Kowace uwa ta riƙe yara biyar, ta ƙirga su a shiga, ta ƙirga su a fita. A rubuta lambar waya a takarda a sa wa kowane yaro a aljihu. Inda akwai namun daji, hannu ba ya zuwa kusa da keji.

Na biyar, kuma a nan nake roƙonku da babbar murya: a tafi da ƴan mata. Mun san halinmu. Ranar fita sai a ce namiji ya shirya, mace ta tsaya wanke-wanke, ko ta ɗauki tiren talla. Tallar wuni guda ba za ta karya gida ba. Ita ce gobe za ta ba nata ɗiyan labari, in ba ta gani ba mi za ta faɗa?

Na shida, in an dawo kada a bar abin ya huce. Kowace unguwa tana da yaron da ya iya kwaikwayon Ibro, da yarinyar da ta iya harara irin ta Daso. A tara su da marece, a ce su yi mana wasan abin da suka gani ko suka ji. Wani ya zama madugun ayari, wasu raƙuma, mai tsawon cikinsu ya zama icce, shaƙiyyin cikinsu ya zama direban da ya rasa abin bankewa duk hamada sai icce guda. Za ku sha dariya, su kuma ba za su manta ba har su tsufa.

Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi suka soma a 1991, da ƴan kuɗin da ake ɗaurewa a bakin zane. Da irin wannan zubi muka sayi awaki, muka biya magani, muka yi wa ɗiyanmu kayan ɗaki. Dala 10 ta buɗe idon yaro ba ta fi ƙarfinmu ba. Gani ya kori ji.

Ƙungiyar da ta riga ta yi irin wannan fita, ta ba sakatariyarta labari ta rubuto mana, da abin da aka kashe da abin da ya ba da wahala, don wasu su ƙaru. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu yi maganar ajiyar wake da yadda ake tsare shi daga ƙwari. Ku gaida yara.