Karatun Dare Har Asuba Ba Jarumtaka Ba Ce

'Yan'uwa ɗalibai, da zarar jarrabawar WAEC da NECO ta matso, sai ɗakunan kwananmu su koma ajujuwa. Wannan ya sha shayi mai kauri, wancan ya ci goro, a kwana ana karatu da tocila. Da asuba kuma a diro daga gadon sama, a nufi famfo da bokiti. A zangon da ya wuce, wani ɗan ajinmu ya zame a bakin famfo ya karye a hannun dama, saura mako biyu jarrabawa. Kowa ya ce tsautsayi ne. Ni dai na ce rashin barci ne, domin kwana uku ya yi bai yi barcin kirki ba.

Tsayuwa daidai ba aikin ƙafa ba ne kaɗai. Idanu, da wani ruwa da ke can cikin kunne, da jijiyoyin gaɓoɓi ne ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, ita kuma ta gyara tsayuwar jiki nan take. Idan ba ta huta ba sai ta makara, kafin mutum ya dafa bango ya riga ya kai ƙasa. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, kuzarinsa na raguwa kamar na wanda ya ɗan sha giya. Mu da muke tashi ƙarfe 5 na asuba, ƙarfe 10 na dare awa 17 ɗinmu ta cika.

'Yan jeka-ka-dawo ma ba su tsira ba. Da kaka, wani zai kwana yana kallon fim a waya, gari na wayewa ya hau amalanken masara, ko ya tuƙa keke a titin Funtua zuwa Malumfashi, manyan motoci na wucewa ta gefensa.

Wani zai ce lokaci ya ƙure, karatu da yawa. To, a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta, kuma likitoci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 na buƙatar awa 8 zuwa 10.

Muna roƙon malamanmu masu kula da ɗakunan kwana su tabbatar an kashe fitila da tocila ƙarfe 10. Mu kuma mu fara bita tun farkon zango. Hannun da ke ɗaure da karan ɗori ba ya rubuta jarrabawa.