Klaksvík da Masu Son Rufe Ƙofa

A watan Afrilun 2021, manyan ƙungiyoyi 12 na Ingila da Sifaniya da Italiya suka shelanta gasar Super League, wadda waɗanda suka kafa ta ba za su taɓa faɗuwa daga cikinta ba. Hujjarsu ita ce wasa da ƙananan ƙungiyoyi ɓata lokaci ne. Kakar 2023 ta tsibiran Faro ta ƙaryata su.

Tsibiran suna ƙarƙashin masarautar Denmark, kuma al'ummarsu ba ta kai dubu 60 ba. Babbar gasarsu ƙungiyoyi 10 ne, kowace tana buga wasa 27 daga Maris zuwa Oktoba, kuma 'yan wasa da yawa suna da wata sana'ar ban da ƙwallo. KÍ, daga garin masunta na Klaksvík mai mutum kusan dubu 5, ta lashe kofin a karo na uku a jere. A wannan shekarar kuma ta doke Ferencváros 3-0 a Budapest, ta fitar da Häcken, zakarun Sweden, ta zama ƙungiyar Faro ta farko da ta kai matakin rukuni a Turai, inda ta riƙe Lille canjaras.

Duk wannan ya yiwu ne saboda dokar da ke bai wa zakaran kowace ƙasa damar shiga wasannin share fage. Masu kuɗi suna kiran soke wannan doka ci gaba, alhali tsoron shan kaye ne. Gasar da aka san mahalartanta tun kafin a busa usur kasuwa ce kawai.