Fam miliyan 100 a waya, aljihu wayam

Ka tuna safiyar Asabar ɗin nan? Saura minti goma a rufe kasuwa, cajin wayarka ya yi ja, kana tsaye bakin teburin mai caji kana ta latse-latse. Ɗan wasan da ka ɗora wa buri ya ji rauni a atisaye, wanda kake so ya maye gurbinsa kuma ya fi ƙarfin kuɗinka da fam dubu ɗari kacal. A guruf ɗinku na WhatsApp an kaure da musu, wannan ya ce a ba wane kyaftin, wancan ya ce duk wanda bai sayi wane ba ya shiga uku. Kai kuwa lissafi kake yi, ka rage nan ka ƙara can, kamar ɗan kasuwar da kaya suka iso masa babu kuɗin sauke su.

In kana buga Fantasy Premier League, ka san wannan zufar. In ba ka bugawa, ga yadda abin yake. Kyauta ake shiga. Za a ba ka fam miliyan 100 na bogi, a ce ka sayi 'yan wasa 15 daga gasar Firimiya ta Ingila: masu tsaron raga biyu, 'yan baya biyar, 'yan tsakiya biyar, 'yan gaba uku. Ba a yarda ka ɗauki fiye da uku daga ƙungiya ɗaya ba. Abin da suka yi a fili na gaske shi ke zame maka maki, mako bayan mako har sau 38. Mutum fiye da miliyan goma ke bugawa a duniya, mu ma nan ba a bar mu a baya ba, maza da mata.

Manya a gida kallon shiririta suke yi wa abin. Ban ga laifinsu ba, don duk wanda ya ga ƙato ya ƙura wa waya ido yana jimamin kuɗin da ba ya iya sayen ko ƙosai, dole ya girgiza kai. Amma ni a ganina, wannan wasa yana cikin 'yan tsirarun wuraren da matashi ke koyon kasafi ba tare da ya yi asarar kwabo ba. Damuwata ɗaya ce: da mun ajiye wayar sai mu bar darasin a cikinta.

Salon nan na a ba ka ƙayyadadden kuɗi ka haɗa ƙungiya, a Amurka ya yi suna, kuma a wasan besbol, wanda ake jefo wa mutum ƙwallo ya maka mata sanda ya zura da gudu. A 1980 wani marubuci mai suna Daniel Okrent da abokansa, waɗanda suka saba haɗuwa a wani gidan abinci a birnin New York mai suna La Rotisserie Française, suka fara wata gasa a tsakaninsu. Gwanjon 'yan wasan gaske suke yi, kowa da iyakar abin da zai kashe. Tsarin da ya zauna daga baya shi ne dala 260, 'yan wasa 23. In ka zuba dala hamsin a kan tauraro guda, to ka san sauran 22 da ragowar za ka lallaɓa.

Da kwamfuta ta shigo, sai abin ya ƙara zurfi. Akwai wani wasa mai suna Out of the Park Baseball da ya fito a 1999, wanda kwamfuta ce ke buga wasannin da kanta. Mutane kan haɗu ta intanet, kowa ya riƙe ƙungiya ɗaya, a naɗa wani kwamishinan gasa. Kowane manaja zai tsara 'yan wasansa ya tura, kwamishina ya saki wasannin, sannan kowa ya zo ya ga abin da shukarsa ta haifar. A nan akwai albashi, akwai kwantiragin shekaru, akwai matasan da ake reno a ƙananan ƙungiyoyi, akwai tsufa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ba a goge allo a ƙarshen kaka. Kuskuren bana zai bi ka har baɗi. In ka ba ɗan shekara 32 kwantiragin shekara bakwai, za ka ci gaba da biyansa ko da ƙafa ta daina ɗaukarsa, kana ji kana gani wani manajan zai ɗauke matashin da kake hari.

Masu wannan wasa duk sun san labarin ƙungiyar Oakland Athletics, don shi suke ƙoƙarin kwaikwayo. Bayan kakar 2001 ƙungiyar ta rasa manyan 'yan wasanta uku, ciki har da Jason Giambi, wanda New York Yankees ta ɗauke a kan dala miliyan 120 na shekara bakwai. A 2002 albashin Oakland gaba ɗaya wajen dala miliyan 40 ne, na Yankees kuwa ya haura miliyan 120. Manajan Oakland, Billy Beane, bai tsaya kukan talauci ba. Ya koma kan alƙaluma, ya nemo 'yan wasan da kasuwa ta raina amma suna yin abin da ke kawo nasara, wato yawan isa zangon farko ba tare da an fitar da su ba. Wani ma, Scott Hatteberg, ciwon gwiwar hannu ya hana shi tsohon aikinsa, aka ɗauko shi a kan ƙasa da dala miliyan ɗaya aka sauya masa wurin tsayawa. A kakar nan Oakland ta ci wasa 103 cikin 162, daidai da Yankees, har da wasa 20 a jere. Gaskiya ba ta ɗauki kofi ba, a zagayen farko na fitar da gwani aka cire ta. Amma ta nuna wa duniya cewa tsada daban, amfani daban. Wannan labari ne aka yi littafi da fim ɗin Moneyball a kansa.

Kai ma ka ga irin haka a wayarka. A farkon kakar 2023/24 fam miliyan 5 kawai aka sa wa Cole Palmer, farashin ɗan benci, alhali Erling Haaland yana miliyan 14. Da kaka ta ƙare Palmer ne ya fi kowa maki, 244. Waɗanda suka farga da wuri sun ci riba biyu, sun samu makin, sun kuma samu rarar da suka ƙarfafa sauran gurabe. Manajan kirki ba ya tsayawa a kan “wane ya iya ƙwallo?” Kowa ya san Haaland ya iya. Tambayarsa ita ce, “in na saye shi, me zan haƙura da shi?” Taura biyu ba ta taunuwa, kuma ainihin kuɗin kowane abu shi ne ɗayan abin da ka bari dominsa.

Sai kuma maganar so. Muna da wani aboki a guruf ɗinmu, ɗan Manchester United na gani-kashe-ni. Ya rantse ɗan Liverpool ba zai taka ƙungiyarsa ba. A kakar 2024/25 Mohamed Salah ya tara maki 344, adadin da ba a taɓa samu ba a tarihin wasan. Mutumin namu yana can ƙasan tebur yana ba mu labarin kishi, mu kuwa muna ba Salah kyaftin muna kwasar maki ninki biyu. So hana ganin laifi, ƙi kuma hana ganin alheri.

Manyan ƙungiyoyi ma ba su tsira ba, su sunan jiya ne ke ruɗarsu. A ƙarshen 2011 Los Angeles Angels ta ba Albert Pujols kwantiragin shekara 10 a kan dala miliyan 240, lokacin yana da shekara 31. Gwani ne na gaske, sau uku ana zaɓensa gwarzon ɗan wasa a tsohuwar ƙungiyarsa ta St. Louis. Amma abin da ya yi jiya aka biya. Shekaru suka yi halinsu, sau ɗaya tak Angels ta kai zagayen fitar da gwani tare da shi, kuma a watan Mayun 2021 ta sallame shi tun kwantiragin bai cika ba.

Na ukun ita ce gaggawa, kuma a nan ni ne mai laifi. A Fantasy canji ɗaya ake ba ka kyauta duk mako, in ka ƙara sai a zare maka maki huɗu a kan kowane ƙari. Maki huɗu fa shi ne ladan ƙwallo guda da ɗan gaba ya ci. A shekarata ta farko, wani dare na ga hotunan makin mutane suna yawo a X da Facebook, zuciya ta ɗebe ni, na yi canji huɗu a zama ɗaya. Maki 12 suka tafi tun ba a hura usur ba. Ɗaya daga waɗanda na sayar ya ci biyu a makon, wanda na sayo kuma ya tashi da katin gargaɗi. Sauri ya haifi nawa. Daga ranar na gane cewa masu ɗora hoton makinsu, a makon da suka dace kawai suke ɗorawa. Makon da suka sha ƙasa, shiru kake ji.

To yanzu ajiye wayar, mu duba aljihu. A ce kai ɗan bautar ƙasa ne mai karɓar alawus na naira 77,000, ko mai aikin da ke ɗaukar mafi ƙarancin albashi na 70,000. Ko ke ce mai sayar da atamfa da turare a status, jarinki bai taka kara ya karya ba. Wannan kuɗin su ne fam miliyan 100 ɗinka, gurabenka kuma a bayyane suke: abinci, kuɗin mota, data, ɗan abin da za a miƙa a gida, sai ajiya. A waya ba za ka taɓa zuba rabin kasafinka a kan ɗan wasa ɗaya ka bar bayanka a buɗe ba, don ka san 'yan guruf za su yi maka dariya. Amma a zahiri sai ka ci bashin manhaja ka sayi wayar da ta fi ƙarfinka, ka shafe wata shida kana biya da ruwa a kai. Wannan ai kwantiragin Pujols ka sa wa hannu. A waya kana ajiye ɗan benci mai bugawa saboda ranar da tauraronka zai ji rauni, a zahiri kuwa babu ko dubu biyar a gefe saboda ranar zazzaɓi. A waya ka koyi cewa bin yayi yana cin maki huɗu, amma anko na fitowa ko sabon takalmi ya shigo gari, kai ne a sahun gaba.

Na san abin da za ka ce. Kuɗin wasa ba su da zafi, kuma in ka kwafsa, watan Agusta na zuwa a sake ba ka miliyan 100 sabbi fil. Haka ne, rayuwa ba ta yin wannan kyautar. Ta fi kama da gasar besbol ɗin can da ba a goge allo, inda bashin bana ke jiranka baɗi. Shi ya sa ma ya kamata ka yi kurakuranka a inda suke da arha, ka fito da wayon zuwa inda suke da tsada. Za ka kuma iya cewa wanda kuɗinsa ba sa kai shi ƙarshen wata, wane kasafi zai yi? Ban musa ba, tsadar rayuwa ba laifinka ba ce, kuma lissafi ba ya ƙara albashi. Sai dai ka tuna Oakland ce ta buƙaci lissafi fiye da Yankees. Mai yawa yana iya ɓarna ya kwana lafiya, mai kaɗan kuwa kuskure ɗaya ya isa ya kwantar da shi.

Akwai wani rami kuma da ya zama dole in nuna maka. A Amurka kamfanonin DraftKings da FanDuel da irin wannan wasa suka fara, na kullum-kullum, ana sa kuɗi. Bayan hukuncin Kotun Ƙolin ƙasar na watan Mayun 2018, wanda ya buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni, sai ga su sun zama manyan gidajen caca. Hanyar gajera ce ƙwarai. Ka dace makonni uku a jere, zuciya ta fara raɗa maka cewa ai ka san ƙwallo, me zai hana ka mayar da sanin kuɗi? Ka lura da bambancin. Fantasy iyaka yake sa maka, ya ce ga kuɗinka, ba ƙari, yi tunani. Manhajar caca kuwa cire iyakar take yi, kullum tana da wurin karɓar wata dubu ɗaya. Ko ba a je ga hukuncin addini ba, wanda kowa ya sani, ai duk wanda ya taɓa ba ɗan wasa kyaftin ya ga ya zubar da fenareti a minti na 90 ya san ƙwallo ba ta da amana. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Saboda haka ban ce ka daina bugawa ba. Buga abinka, ka tsokani abokai, ka more ranar da kyaftin ɗinka ya ci uku. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin a rufe kasuwar wannan makon, ka ware minti goma daga cikin awannin da kake ba ƙungiyarka. Ɗauki biro da takarda, ka rubuta abin da ke shigo maka a wata, ka jera gurabenka a ƙarƙashi, ka sa wa kowanne farashi. Ka duba wane ne yake cin albashi mai tsoka ba ya kawo maki, ka sallame shi. Ka bar wani abu a benci, ko yaya ƙanƙantarsa. In ka iya haƙura da Haaland don ƙungiyarka ta daidaita, ba abin da zai gagare ka a wannan takardar.