Takardun Mallakar Magunguna da Wa'adinsu Ya Cika: Aikin da Ke Jiran Masana Hausa a Sakkwato

Duk wanda ya ƙirƙiro magani kuma ya nemi doka ta kare masa haƙƙinsa, wajibi ne ya bayyana yadda ake haɗa shi a rubuce. A madadin haka, dokar Nijeriya ta 1970 da yarjejeniyar TRIPS ta ciniki ta duniya sun ba shi shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙata. Da zarar wa'adin ya cika, bayanin ya zama na kowa. Ana samun waɗannan takardu kyauta a intanet, a rumbun PATENTSCOPE na hukumar WIPO, da MedsPaL da ke nuna matsayin muhimman magunguna ƙasa ƙasa.

Ra'ayina shi ne, tonon wannan rumbu aiki ne da ya shafi masana Hausa, tamkar yadda ya shafi Tsangayar Harhaɗa Magunguna ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Misali shi ne Niprisan, maganin amosanin jini da cibiyar NIPRD ta Abuja ta samar daga haɗin gargajiya, aka ba shi takardar mallaka a Amurka a 1998. Cikin tsirrai huɗun da ya ƙunsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, waɗanda ba baƙi ba ne a kasuwar Sakkwato. Wa'adin takardar ya cika, amma sunayen da ke cikinta na Latin ne, mai maganin gargajiya kuwa da Hausa ya san itacensa. Wa zai haɗa su in ba mai nazarin harshe ba? Tun 1916 Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa. Aikin yana buƙatar sabuntawa da karin harshen Sakkwatanci.

Sai dai a yi hattara. Takardar mallaka tana aiki ne a ƙasar da ta bayar da ita kawai, kuma kamfanoni kan sake yi wa sabon salon haɗi rajista bayan na asali ya ƙare. Haka kuma cikar wa'adi ba izinin sayarwa ba ne. Sai NAFDAC ta amince.

Tun da kamfanin GSK ya sanar da janyewarsa daga Nijeriya a 2023, tsadar magani ta ƙara addabar talaka. Ya kamata Cibiyar Nazarin Hausa da masana harhaɗa magunguna su fitar da ƙamus na haɗin guiwa, mai ɗauke da sunan tsiro da Hausa, da sunansa na kimiyya, da takardun da suka ambace shi, da shekarar da kowace ta ƙare.