Sabunta Kwamfuta Ba Aikin Gaggawa Ba Ne

A watan Mayu na 2025, da Hukumar JAMB ta fito da sakamakon jarrabawar shiga jami'a, sai kuka ya tashi ko ta ina. Yara masu ƙwazo suka ga maki kaɗan, malamansu suka rasa abin cewa. Ran 14 ga watan, shugaban hukumar, Farfesa Is'haq Oloyede, ya fito ya nemi gafara. Ya bayyana cewa an yi wa manhajar jarrabawar gyara, amma gyaran bai hau kan waɗansu daga cikin manyan kwamfutocin da ke rarraba tambayoyi ba. Saboda haka aka ɓata sakamakon yara 379,997 a cibiyoyi 157 na Ikko da jihohin kudu maso gabas, tilas aka sake musu jarrabawa.

Kada mutumin Dayi ya ce wannan labarin nesa ne. Tun 2015 da kwamfuta a ke wannan jarrabawa ko'ina a Nijeriya, yaron Dayi da na Malumfashi da na Funtua duk gaban irin wannan na'ura su ke zama. Takardun albashi da rajistar makaranta su ma sun soma komawa cikinta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mene ne sabuntawa? Watau kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da ita, kamar Windows. Masu ita su kan aiko da faci lokaci lokaci domin toshe kafar da ɓarayi za su bi. Facin nan alheri ne, amma kadan ya hau rabi, ko ya zo da kuskure, sai na'ura ta ƙi tashi. Turawa ma ba su tsira ba. Ran 19 ga Yuli 2024 kamfanin CrowdStrike na Amurka ya aika wa abokan cinikinsa faci mai kuskure gaba ɗaya, kwamfutoci wajen miliyan 8.5 masu Windows suka tsaya. Jiragen sama suka kasa tashi, aikin asibitoci da bankuna ya cije. Kamfanin ya janye facin cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci, amma na'urorin da suka riga suka faɗi sai da aka bi su ɗaya ɗaya da hannu.

Manoman ƙasar nan sun daɗe da sanin maganin wannan. Can da, sabon irin auduga sai an gwada shi a Samaru, an yawaita shi a gonar Daudawa, kana a raba wa jama'a. Haka ya kamata akawu ko malami ya yi. Ya fara kwafe takardun ofis a wani wuri dabam. Ya gwada facin a na'ura ɗaya, ya ga ta kwana lafiya, sa'an nan ya sa wa sauran. Kada ya soma sai batir ya cika ko janareta na aiki, gama ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana lalata manhaja. Bayan an gama kuma a duba kowace na'ura, domin abin da ya sami JAMB ke nan: an ɗauka gyara ya hau, ashe bai hau ba.

To, in ɓarna ta riga ta auku fa? Abu na fari haƙuri, kada a kashe na'ura tana cikin aiki, sau da yawa Windows ta kan warware facin da kanta. Kadan ta ƙi tashi sau biyu ko uku a jere, ta kan buɗe shafin gyara, inda a ke iya cire facin baya, ko a tashe ta ta hanyar da a ke kira "Safe Mode". Wanda ya koma sabuwar Windows kuwa yana da kwana goma na komawa tsohuwar. Kada a yarda mai gyara ya share kome da kome sai an kwashe takardu tukuna.

Akwai sauran magana. Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 faci na yau da kullum, tsofaffin na'urori da yawa kuwa ba su iya ɗaukar Windows 11. Barinsu haka kamar barin rumbu ne ba marufi. Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da na makarantu su ƙidaya na'urorinsu, su ɗora wa mutum ɗaya alhakin kula da su, da littafin da zai riƙa rubuta ranar kowace sabuntawa. Rigakafi ya fi magani.