INA YARANMU ZA SU BUGA ƘWALLO?

Jama'a, ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, na bi ta wani lungu a Birnin Kebbi na iske yara wajen ashirin suna buga ƙwallo tsakanin katanga da kwata. Takalma biyu su ne ragarsu. In ɗan kabu-kabu ya taho sai a ɗauke ƙwallo, ya wuce a mayar. Can wani yaro ya ɗirka ta, ta faɗa cikin tiren wata mai ƙosai, aka yi ta cacar baki. Na tsaya ina tunawa da filin da muka yi wasa a cikinsa muna yara. Yau an yanka shi fuloti-fuloti, an gina shaguna, ba kuwa wanda ya shawarci mutanen unguwa.

Kullum a kasuwa da teburin mai shayi ana gardama a kan abin da ya hana ƙungiyoyinmu na Kabi yin suna kamar na Kano. Wani ya ce laifin koci ne, wani ya ce ba a iya jera 'yan wasa ba. Ni kuwa na ce a fara duba ƙasa tukuna, gama fili shi ne malamin farko na ɗan ƙwallo.

DABARA TANA BIN FILI

Bari in yi bayani. Filin da ake manyan wasanni a kansa tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa mita 68, watau bai kai eka biyu ba. Duk dabarun ƙwallo da aka ƙago a duniya a kan abu ɗaya suke: yadda mutum goma sha ɗaya za su raba wannan fili a tsakaninsu, su buɗe shi in ƙwallo tana ƙafarsu, su matse shi in tana ƙafar abokan karawa.

A 1925 aka sauya dokar satar gida, aka rage masu tsaro da tilas su kasance tsakanin mai kai hari da layin raga daga uku zuwa biyu. Nan da nan ci ya yi yawa. Sai Herbert Chapman, kocin Arsenal ta Ingila, ya janye ɗan tsakiya guda ya mai da shi baya, masu tsaron baya suka zama uku. A 1953 'yan Hangari suka je Wembley suka lallasa Ingila da ci 6 da 3. Asirinsu kuwa shi ne mai lamba tara, Hidegkuti, ya ƙi tsayawa gaba inda aka saba ganinsa, ya riƙa komowa tsakiya. Mai tsaronsa ya rasa abin yi: in ya bi shi ya bar ƙofa a buɗe, in ya tsaya ya bar shi yana raba ƙwallo yadda ya ga dama. A 1958 Barazil ta ci kofin duniya a Suwidin da huɗu a baya, biyu a tsakiya, huɗu a gaba, Garrincha da Zagallo suna buɗe wasa ta gefe biyu.

To, ku gaya mini, yaron da ya girma a lungun da faɗinsa bai fi taku shida ba, ina zai koyi buɗe wasa ta gefe? Zai iya yanka, zai iya riƙe ƙwallo a ƙafa, wannan kam lungu yana koyarwa. Amma ran da aka kai shi babban fili sai ka ga su goma sun taru a kan ƙwallo kamar kaji a kan tsaba. Wanda kuma ya saba da rairayi mai zurfi, inda ƙwallo ba ta gangarawa, ba abin da ya sani sai ɗaga ta sama a bi ta da gudu. Koci ko daga Turai aka ɗauko shi ba zai gyara a wata uku abin da ƙasa ta koyar a shekara goma ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

GARI YANA CIN FILI

Ran 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, Birnin Kebbi ta zama hedkwata. Tun daga ranar gari yake ta faɗaɗa, ma'aikatu da gidaje suna bin hanyar Kalgo da hanyar Argungu. Wannan abin murna ne. Amma kowace sabuwar unguwa aka yanka, sai a auna fuloti har bakin titi, a manta da inda yara za su miƙe ƙafa.

Wani zai ce ai akwai filin wasa na Haliru Abdu. Gaskiya ne, amma fili ɗaya ne, shi ne kuma wurin taron gwamnati da na siyasa. Wani zai ce ga sabon filin da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta biya kuɗinsa, kimanin dala miliyan 1.2, wanda aka aza harsashinsa a 2020, aka buɗe a 2023. Shi ma gaskiya ne. A watan Oktoba na 2025, da FIFA ta sa hotonsa a shafinta, ƙasar nan duka ta ɗauki surutu a kan ko aikin ya kai kuɗin. Tambaya ce mai kyau, ya kuma kamata masu riƙe da littafin kuɗi su amsa ta dalla-dalla. Amma ko da an amsa, fili biyu ba za su ɗauki yaran Badariya da Tudun Wada da Gesse da Makerar Gandu da Rafin Atiku ba.

INA ZA A SA SHI?

Duk ran da aka tashi neman wurin gina filin wasa a gari mai cunkoso, idon masu awo wuri uku yake zuwa, kuma duka ukun akwai haɗari.

Na farko fadama, don shimfiɗaɗɗiya ce ba gini. Fadamar gulbin Rima kuwa ita ce rumbun shinkafarmu, ruwa kuma bai manta hanyarsa ba. Wanda ya ga ambaliyar 2020 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Na biyu kasuwa da tasha da unguwar marasa ƙarfi, don su ne masu sauƙin tayarwa. Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, diyyar da ta tanada kuwa ta gini ce da shuka da itatuwa. Mai rumfar da aka tayar ba a biyansa cinikin da ya yi shekara ashirin yana tarawa a wurin.

Na uku bayan gari can nesa, inda ba mai zuwa sai mai mota. A ƙasarmu mai zafi ƙwallo sai bayan la'asar. Ɗan kasuwa zai rufe rumfa, ya biya kuɗin babur zuwa da dawowa, ya biya kuɗin ƙofa, ya kuma dawo kafin magariba? Ku dubi Kano. Filin Sani Abacha yana Ƙofar Mata, cikin jama'a, 'yan kasuwa da ƙafa suke zuwa. Kano Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, kowa kuwa ya san abin da ihun 'yan kallonta yake yi wa baƙi. Ku dubi kuma Abuja, inda aka gina fili mai ɗaukar mutum 60,000 a 2003, amma wasannin gida na neman shiga gasar duniya ta 2026 sai Uyo aka kai su. Girman gini ba ya cika kujera, ba ya kuma shayar da ciyawa.

DARASI DAGA ARGUNGU

Kakanninmu sun riga mu sanin maganin wannan. A Argungu an keɓe Matan Fada, an hana su a cikinta sai ranar biki, Sarkin Ruwa yana tsaro. Saboda wannan hani ne bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 ya rayu, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Da an bar kowa ya jefa homa ran da ya so, da yau ba kifi ba biki. Abin da na kowa ne, in ba a yi masa iyaka da mai tsaro ba, mai ƙarfi ne yake cinye shi.

Na san wani dattijo zai ce talaka yana fama da tsadar hatsi, wa yake ta ƙwallo? Ranka ya daɗe, maganarka dutse. Amma fili ba ya cin kuɗi sai ƙarfe huɗu da buhun farar ƙasa. A nan za a yi kokawa da dambe, a nan mai rake da mai gyaɗa da mai ruwan sanyi za su samu na cefane. Rijiya in ba a haƙa bana ba a haƙa baɗi. Fili kuwa in aka zuba masa siminti ya tafi ke nan har abada.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Ɗaya, kowace sabuwar unguwa da za a yanka a Birnin Kebbi da Argungu a fitar mata da eka biyu tun a takardar awo, a kafa duwatsun iyaka, a rubuta da sunan jama'a. Biyu, filayen makarantun gwamnati a daina yankarsu, a buɗe wa yaran unguwa su bayan an tashi. Uku, in za a gina babban fili, a kira masu gonaki da shugabannin 'yan kasuwa a zauna da su kafin a kafa turke, a biya diyya kafin katafila ta shiga.

Ku kuma 'yan'uwa, kada ku jira. Ku je wurin mai unguwa da kansila, ku nuna musu filin da ya rage a shiyyarku, ku nemi a rubuta shi tun mai fuloti bai riga ku ba. Allah ya sa a ji, ya kuma sa a yi aiki da abin da aka ji, amin.